Wasiƙa Zuwa Ga Masu Abincin Sayarwa Na Garin Gaya

Zuwa ga iyayena mata masu tuwo da shinkafa a tasha, da yayyena masu suyar kifi a bakin kogi, da mahauta masu tsire da balangu, da ƙannena masu shayi da ke raba dare a bakin titi.

Ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyayensa. Sannunku da wuta, sannunku da hayaƙi, sannunku da tashin asuba. Allah Ya sa wa kasuwa albarka.

Bayan gaisuwa, shekaru da yawa ina bin hanyar Yamai zuwa Kwatano, kuma ban taɓa ratsa Gaya ba tare da na sa hannu a kwanon ɗayanku ba. Wanda ya ci gishirin mutum yana da haƙƙin ya gaya masa gaskiya, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da ya tayar mini da maganar shi ne wata hira da na ji wasu samari suna yi cikin mota, za su Kwatano yawon buɗe ido. Sun lissafa bakin teku, sun lissafa kasuwar Dantokpa, sun yi zancen garin Ganbiye da aka gina a kan ruwa, har sun tsara abin da za su ci a kowace rana. Da ɗayansu ya ambaci Gaya, sai wani ya ce ai nan wurin buga takardu ne kawai. Maganar ta tsaya mini a rai. Na san abin da ke cikin tukwanenku, na kuma san yaron nan bai faɗi haka don raini ba. Babu wanda ya taɓa nuna masa.

Ku tuna wane gari kuke zaune. Tun kafin a yi gada tsakaninku da Malanbil, fataken goro masu zuwa Gwanja daga ƙasar Hausa a wannan yanki suke ƙetare kogi, wasu ta Ilo, wasu ta Gaya, su kutsa ƙasar Bargu. Da daular Songai ta faɗi a hannun rundunar Maroko a 1591, nan ƙasar Dandi Askiyawa suka ja daga suka ci gaba da mulki. Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya a nan. Duk inda ayari ya yada zango kuwa, da mai masauki da mai tuwo ake fara gaisawa. Sana'arku ta girmi kwalta, ta girmi duwan.

Ban manta halin da kuke ciki ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, hanyar Kamba ta yi sanyi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya zo, aka toshe gada, manyan motoci suka yi jerin gwano a ƙetare. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma gadar ba ta koma yadda muka san ta ba, jama'a suka koma ƙetarewa da kwale-kwale. Na san matan da suka rage tukunya daga uku zuwa ɗaya. Duk da haka mutane ba su daina wucewa ba, kuma yanzu matafiyi yakan daɗe a Gaya fiye da da: ya sauka daga mota, ya nemi mai kabu-kabu, ya jira jirgi, wani lokacin har ya kwana. Waɗannan sa'o'in da yake zaune a bencinku su ne jarinku. In kun iya da su, wanda ya tsaya bisa tilas zai dawo da ƙafarsa.

Shawarata ta farko, ku dafa abin da yake naku. Allah Ya ba ku abin da bai ba sauran Nijar ba. Babu inda ya kai yankinku samun ruwan sama a duk ƙasar, kusan milimita 800 a shekara. Ga kogi a ƙofar gida, da giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da ƙurungu da ragon ruwa. Ga shinkafar fadamun Tara. Ga rake da rogo da dankali da mangwaro. Ga dazuzzukan giginya na Dallol Mawuri da ke ba ku muruci. Ga gishirin Foga, wanda ake tace ƙasa a dafa ruwanta har ya daskare, gishirin da fatake suka yi ta ɗauka zuwa nesa tun zamanin kakanni. Amma sau nawa baƙo ya zauna a rumfa aka ajiye masa taliyar leda da manja da dunƙulen ɗanɗano, irin wadda zai samu a kowace tasha daga nan har Agadas? Mutumin da ya yi kusan kilomita 300 daga Yamai ya cancanci ya ɗanɗana abin da ba zai samu a Yamai ba. A ba shi dafa-dukar shinkafar gida da kifin da aka kamo yau. A ba shi dambu da zogale, ko tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi da daddawa ta gaske. Kuna bakin iyaka, don haka sakwara da doyar ƙetare da cukun Fulanin Bargu ma naku ne, ku iya su da kyau.

Ku dubi Senegal. Shinkafa da kifin da suke kira cebu jen abincin masunta ne na garin Sanluwi. Sun riƙe shi, sun yi alfahari da shi, har a 2021 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. A Singafo ma, rumfunan masu abincin kasuwa ne suka sami wannan matsayi a 2020. A Marrakesh ta Maroko mutane na biyan kuɗin jirgin sama don su zauna kan benci a dandalin Jama'ul Fana su ci abin da 'yan gari ke ci. Dukansu da murhu da tukunya suka fara, kamar ku. Kogin da ke gabanku bai gaza ba, hannunku ma bai gaza ba.

Ta biyu, ku kira kowane kifi da sunansa. Kun san kifin kwali mai ƙanƙara da ake kawowa daga bakin teku, kun san na Sarkawa da aka fito da shi daga taru da safe. Sayar da na kwali ba laifi ba ne, talaka na samun sauƙi a cikinsa. Laifin shi ne a ce wa baƙo giwan ruwa ne alhali ba shi ba ne. Na taɓa cin irin wannan a wata rumfa, na biya kuɗin giwan ruwa, sai wani dattijo da ke gefena ya sunkuyar da kai don kunya. Har yau ban koma rumfar ba, kuma kunyar dattijon nan ta fi kuɗin yi mini zafi, domin sunan garinsa aka sayar a gabansa da araha.

Ta uku, maganar kuɗi. Mu nan da dala muke lissafi. In kin ce wa Bakano "ashirin", shi ashirin ya ji, ke kuwa dala ashirin kike nufi, wato sefa 100. In kin ce "ɗari", sefa 500 ke nan, ɗari biyu kuma jika guda. Ga naira na yawo a hannun masu zuwa daga Kamba, canjinta yau daban gobe daban. A nan ake samun rigimar da ba ta da dalili, a nan kuma mai son zuciya ke samun ƙofa. Ku faɗi kuɗi tun kafin a zuba, ku faɗe shi yadda baƙo zai gane. Wanda yake da yaro ɗan makaranta ya sa shi ya rubuta a allo ya rataye. Kuɗin ɗan gari shi ne kuɗin baƙo. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, to amma raɓar nan tana da baki, kuma yanzu tana da waya. Dala goman da aka ƙara masa yau, gobe an ji labarinta a Doso da Birnin Kabi.

Ta huɗu ita ce wadda ta fi damuna, tsabta. Ɗan gari cikinsa ya saba da ruwan garinsu, baƙo kuwa kwano ɗaya ya isa ya kwantar da shi. Da damina, lokacin da kogi ya cika ya malala, kun fi ni sanin yadda amai da gudawa ke shiga gari. Ruwan wanke kwano a sauya shi kafin ya yi kauri. A ajiye buta da sabulu inda mai ci zai gani, a zuba masa ruwa a hannu, a daina tsoma hannu goma cikin roba ɗaya. A rufe abinci daga ƙuda da ƙurar manyan motoci. Man suya in ya yi baƙi ya gama aikinsa. Shinkafar jiya da ta kwana cikin zafin Gaya ba ta shiga tukunyar yau. Mahauta, a daina naɗe tsire cikin takardar buhun siminti. Koko da miya masu zafi kuma a raba su da baƙar leda. Tun 2014 akwai dokar hana irin wannan leda a Nijar, kuma ko babu doka, ku dubi bakin kogi ku ga inda take ƙarewa. Ƙwarya da akushi da kwanon sha suna nan, kuma baƙo ya fi son ganinsu.

Ta biyar, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wanda ya sauko daga mota ya sha tambayoyi a shingaye, ya gaji, wataƙila yana jin tsoro. Ku fara da sannu da zuwa. Bazabarme a ce masa kubaini, mutumin kudu a gaishe shi da ɗan abin da aka iya na Faransanci ko Yarabanci. A tambaye shi ko yana cin yaji kafin a barbaɗa. Mace mai goyo a ba ta wuri daga gefe inda za ta sake. A nuna masa inda zai kama ruwa da inda zai yi salla. Duk wannan ba ya cin ko dala.

Sannan ku sani ku ne 'yan jagorar garin nan, ko kun shirya ko ba ku shirya ba. Baƙo ba ya zuwa ofishi ya tambayi abin kallo, mai shayi yake tambaya. Kada ku ce masa babu komai. Ku tura shi bakin kogi da la'asar sakaliya ya ga masunta na dawowa. Ku gaya masa dajin giginya da dajin Goru Basunga. In rani ne ku kwatanta masa inda ake dafa gishiri a Dallol Foga. Ku ba shi labarin tsibirin Lete, wanda Nijar da Binin suka yi shekaru suna jayayya a kansa, har kotun duniya ta Heg ta yanke hukunci ranar 12 ga Yuli 2005 cewa na Nijar ne, aka rabu ba tare da yaƙi ba. Ku gaya masa Dole Kaina, garin da iyaka ta ratsa, rabi Nijar rabi Nijeriya. Mai komawa Yamai ku tuna masa fadar Zarmakwai a Doso da raƙuman dawa na Kure. Mai shiga Nijeriya ku ambata masa Argungu, inda bikin kamun kifi ya mai da sana'ar Kabawa abin da duniya ke zuwa kallo. In ya tambayi gandun dajin W, ku gaya masa gaskiyar halin tsaro, kada kwaɗayin lada ya sa a tura ɗan mutane inda ku ba za ku tura naku ba. Kowane mai rumfa ya kamata ya san mai kabu-kabu ɗaya da mai jirgi ɗaya da ya yarda da amanarsu, waɗanda ba sa gudun ganganci, ba sa lodin da ya wuce ƙa'ida. Wanda ya ci abincinki ya zama amanarki har ya bar gari.

Kada kuma ya tafi hannu sake. Matafiyi ba ya komawa gida babu tsaraba. Kifin banda da aka naɗe da kyau, ƙunshin gishirin Foga, mazarƙwaila, muruci, waɗannan su ne za su shiga gidajen da ƙafarku ba za ta taɓa zuwa ba, a tambaya daga ina, a ce daga Gaya.

Abu na ƙarshe, mutum ɗaya ba ya gyara tasha. Kuna da adashi, kuna da shugabanni, akwai sarkin fawa, akwai sarkin ruwa. Ku haɗa baki ku je wurin magajin gari ku nemi famfo da rumfa da wurin zuba shara da makewayi, tunda kuna biyan haraji. Ku tsawata wa junanku tun kafin hukuma ta tsawata. Iyayena mata, ku koya wa 'ya'yanku miyar da kuka gada, amma ku bar su su je makaranta. Yarinyar da ke talla tsakanin manyan motoci da dare tana cikin haɗarin da ribar tire ba za ta biya ba. In ta yi karatu, ita ce gobe za ta riƙe muku lissafi, ta rubuta allon farashi, ta yi magana da baƙon da ba ku jin harshensa.

Samarin nan da na ba ku labari za su dawo daga Kwatano, kuma ta Gaya za su biyo, da yunwa, da ragowar kuɗi kaɗan a aljihu. Ɗayanku ce za ta zuba musu. Ina roƙon ta zaɓo musu karfasar safiya, ta faɗa musu sunanta, ta karɓi kuɗin da take karɓa a hannun maƙwabcinta, in sun wanke hannu ta nuna musu hanyar bakin kogi kafin rana ta faɗi.

Allah Ya buɗe hanya, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya cika muku tukwane.

Wassalam.

Naku,
ɗanku mai yawan ratsa Gaya.