KIMIYYA DA RAYUWA: Ina Rumbun Ajiye Irin Kifi?

Manomin kirki ba ya cinye irinsa. Kome tsananin yunwa, yakan ware zangarniyar da ta fi cika ido, ya rataye ta can ƙuryar rumbu, ya bar wa damina mai zuwa. Amma mai kiwon kifi bai sami wannan gata ba.

Wanda duk ya taɓa tsayawa inda ake ƙyanƙyasar tarwaɗa, ko a Tumfure ta bakin hanyar Bauchi a gefen birnin Gombe, ko a wani gari dabam, ya san yadda abin yake. Akan zaɓi uwa mai cike da ƙwai, a yi mata allura da maraice, kafin gari ya waye ƙwan ya nuna, sai a matsa cikinta a hankali ya zubo cikin kwano. Namijin kuwa ba ya matsuwa. Tilas a yanka shi, a tsaga cikinsa, a ciro jakar maniyyinsa a tatse bisa ƙwan. Watau ke nan, a kowace ranar ƙyanƙyasa, namijin da ya fi girma da ƙoshin lafiya shi ne a bakin wuƙa. Ɗigo kaɗan na maniyyinsa ya isa dubban ƙwai, sauran kuwa sai ya lalace a banza.

Ƙarshen wannan al'amari shi ne, mai gona yakan koma yana haɗa wa da ƙanwa daga kwami ɗaya, shekara da shekaru, har irin ya raunana. Shi kuma talakan da ya ci bashi ya gina kwami a bayan gida, ya sayi 'ya'yan kifi, shi ne zai yi wata shida yana zuba abinci mai tsada, kifi ya ƙi girma.

To, mene ne ya hana a daskarar da irin kifi a ajiye? Amsar ta kasu biyu: rabin aikin an daɗe da gama shi, rabin kuwa har yanzu yana ba masana wuya.

A cikin 1949 wasu masana uku a Ingila, watau Polge da Smith da Parkes, suka gano cewa in an gauraya maniyyin zakara da wani ruwa mai suna gilisarin, yakan jure daskarewa, ya farfaɗo in an narkar da shi. A cikin 1953 wani masani mai suna Blaxter ya gwada a kan wani kifin teku da ake kira herin, ya ajiye maniyyinsa watanni cikin sanyi, sa'an nan ya haɗa da sabon ƙwai, ya kuwa kama. A yau akan ajiye irin wannan maniyyi cikin ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. A wannan sanyi kome na jikin halitta yakan tsaya cik, ba girma ba ruɓewa. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a Arewa, gama da ita ake ajiye maniyyin bijimai a Cibiyar Binciken Dabbobi da ke Shika kusa da Zariya.

Ɗan tayi, watau ƙwan da ya riga ya haɗu da maniyyi ya soma zama halitta, shi ma an yi nasara da shi a wajen dabbobi masu shayarwa. An daskarar da na ɓera a 1972, aka haifi ɗan maraƙi ta wannan hanya a 1973, aka kuma haifi jaririya a Ostareliya a 1984. Amma da aka zo kan kifi sai magana ta tsaya.

Dalilai uku ne. Na farko, girma: ɗan tayin ɓera bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, na kifi kuwa yakan kusa milimita guda ko ya fi, saboda haka ruwan da ke cikinsa ya ninka na ɓera sau ɗaruruwa. Na biyu, gwaiduwa: ɗan kifi yana ɗauke da guzurinsa a jiki, mai yawan kitse, wanda ba ya son sanyi ko kaɗan. Na uku, fatar da ta lulluɓe shi ba ta barin maganin kariya ya shiga, ba ta kuma barin ruwa ya fita. In ruwan nan ya daskare yakan zama tsinin ƙanƙara masu kaifi kamar allura, su kekketa kome daga ciki. Abin mamaki kuma, haɗarin ya fi yawa wajen narkewa. Ana iya sanyaya ƙwan da saurin da ƙanƙara ba za ta sami zarafin fitowa ba, amma in an yi jinkiri wajen ɗumama shi, a nan take tsirowa ta kashe shi.

Sai a 1917 da ɗari a kai, watau 2017, aka ga haske. John Bischof na Jami'ar Minesota da Mary Hagedorn ta Cibiyar Simitsoniyan, dukansu a Amurka, da abokan aikinsu, suka ɗauki ƙwan wani ɗan kifin Indiya mai ratsi-ratsi irin na jakin dawa. Masu bincike suna ji da wannan kifi, domin ana ganin cikin ɗan tayinsa garau yana girma, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikinsa. Suka ɗura maganin kariya da ƙurar zinariya cikin gwaiduwar, suka tsoma cikin ruwan naitirojin, sa'an nan suka haska masa hasken leza na ƙasa da ƙiftawar ido. Zinariyar ta kama zafi ta narkar da ƙwan gaba ɗaya a lokaci guda. Wajen ɗaya cikin goma ne suka kai kwana guda da rai. A cikin 2020 suka ba da labarin cewa ƙalilan sun girma har sun hayayyafa.

Wannan nasara ce babba, amma fa ƙwai ɗaya-ɗaya ake bi da allura da leza, alhali tarwaɗa guda takan zuba dubbai. Ba abu ne da zai iso kwamin Tumfure gobe ko jibi ba.

Abin da zai iya isowa shi ne rumbun maniyyi. Tulun naitirojin ba ya neman wutar lantarki, illa dai a riƙa ƙara masa ruwansa a kan kari. Da za a sami irin wannan rumbu, da namiji ɗaya nagari ya wadaci gonaki masu yawa shekaru bayan an yanka shi, da kuma an iya kawo sabon jini daga Kainji ko Tafkin Chadi ba tare da jigilar kifi mai rai ba. Masu ilmin suna nan: ga Cibiyar Binciken Kifi ta New Bussa a Jihar Neja, ga cibiyar adana irin tsirrai da dabbobi da aka kafa a Ibadan a 1987, ga kuma jami'o'i a Gombe da Kashere. Ya kamata Ma'aikatar Gona da ƙungiyoyin masu kiwon kifi su haɗa kai da su.

Amma akwai abin lura. Maniyyi rabin gado ne; ba ya zama kifi sai da ƙwan uwa, ƙwan uwa kuwa shi ne ba a iya ajiyewa ba tukuna. Saboda haka uwar tarwaɗa da ta karfasa da ta giwan ruwa ba su da wani rumbu sai kogi. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye kusan kashi tara cikin goma na ruwan Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960. Wannan ya isa ishara ga masu cin moriyar kogin Gongola da madatsar Dadin Kowa. Masuncin da ya zuba guba a ruwa, ko ya ja taru mai ƙananan idanu a lokacin da kifi ke ƙwai, daidai yake da wanda ya cinna wa rumbun gari wuta don ya gasa masara guda.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A ajiye na namiji cikin sanyi tun da an iya, a kuma tsare uwa cikin ruwanta har ranar da masana za su kammala sauran aikin.