Hancin Mota da Ƙurar Ƙofa: Jan Hankali ga Matasa Masu Ƙirƙira

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin burji da ke tsakanin ƙauyukan Kankiya da Kusada a tsakiyar hunturu ya san yadda ake isa Ƙofa: gira ta yi fari, rawani ya yi ja, maƙogwaro ya bushe. Fasinja kan sauka ya kakkaɓe riga, ya fyace hanci, ya kurkure baki. Amma akwai wani matafiyi da ya fi kowa shaƙar wannan ƙura, ba ya kuma iya fyacewa, wato injin motar da ta ɗauko su.

A 'yan shekarun nan matasa sun shiga sha'awar wani aiki da suke gani a wayoyinsu. Ana nuna yadda masu wasan mota na Amurka da Turai ke cire akwatin iskar da kamfani ya sa wa mota, su ƙera wani bututu na faiba da hannunsu, su ɗaura masa 'yar buɗaɗɗiyar matata mai siffar mazurari, don injin ya ƙara ƙarfi da ƙara. Sha'awar ƙirƙira abin yabo ce, kuma bai kamata malamai su kashe ta ba. Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Matashin Ƙofa da zai ƙera wa mota hanci, ya kamata ƙura da ruwan damina su zame masa ma'auni, ba gudu da rugugi ba.

Yadda inji ke numfashi

Inji ba da fetur kaɗai yake aiki ba. Kafin giram 1 na fetur ya ƙone sarai, yana bukatar giram 14.7 na iska. In aka lissafa, lita ɗaya ta fetur tana cin iska kimanin lita 9,000, wato kusan abin da baligi ke shaƙa a kwana guda cur. Injin da girmansa ya kai lita 2, in yana juyi 3,000 a minti kuma an take totur har ƙasa, yana iya zuƙar iskar da ta doshi lita 3,000 a minti ɗaya. Mutum a zaune kuwa lita 6 ko makamancin haka yake shaƙa.

Hujjar masu bututun faiba ta samo asali ne daga dokar Charles, wadda ɗaliban sakandare ke karantawa a darasin kimiyya. Iska in ta yi zafi sai ta buɗe, nauyinta ya ragu, oksijin da ke cikin kowace lita ya yi ƙasa. Ƙarin zafi na digiri 10 yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin 100. Saboda haka injin da ke zuƙar iska mai sanyi daga waje ya fi wanda ke zuƙar ta kusa da lagireto samun oksijin. Wannan gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yawancin motoci tun daga kamfani aka yi musu bututun da ke ɗebo iska daga gaba. Wanda ya cire shi ya ɗaura buɗaɗɗiyar matata a ƙarƙashin bonet, sau da yawa iskar da ta fi zafi ya jawo wa injinsa. Alal misali, in waje yana digiri 40 a watan Afrilu, ƙarƙashin bonet kuma yana 60, ya yi asarar kashi 6 cikin 100 na oksijin. Ƙarar da yake ji ita ke ruɗinsa, yana yi wa rogo kallon kitse.

Darasi daga hancin ɗan Adam

Allah bai halicci hanci a matsayin miƙaƙƙen bututu ba. A bakinsa akwai gashi mai tare manyan ƙwayoyi. A cikinsa akwai lanƙwasassun ƙasusuwa da ke sa iska ta yi ta juyi, ƙura ta bugi bango ta manne a majina. A maƙogwaro da bututun huhu kuma akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, ana kiran su siliya, waɗanda ke tura majina sama dare da rana. Babu shakka duk wannan yana rage saurin shigar iska, amma farashi ne da jiki ya yarda ya biya don huhu ya daɗe. Inji ba shi da majina, ba shi da siliya, ba ya tari. Matatar takarda ɗaya ce garkuwarsa.

Ƙurar hunturu ma ba abin rainawa ba ce. Kaso mai yawa nata yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin ƙasar Chadi, wurin da masana ke ɗauka ya fi ko'ina a duniya fitar da ƙura. Shekaru kimanin 7,000 da suka wuce, wurin ƙarƙashin wani katafaren tabki yake. Wasu ƙananan halittun ruwa masu suna dayatom sun rayu a ciki, suka mutu, suka bar ɓawonsu na silika jibge a ƙasa. Shi ne iska ke kwasa a yau, har wani ya tsallake tekun Atilantika ya sauka a dajin Amazon. In aka haɗa da rairayin da tayoyi ke tayarwa a hanya, wanda ƙwayarsa ta fi ƙarfen inji tauri, sai a sami abin da ke gauraya da man inji ya riƙa goge zobban fistin da bangon silinda kamar samfefa. Ƙarshenta sai hayaƙi, da shan mai, da sauke inji. Ga direban da iyalinsa ke ci daga motar haya ɗaya, wannan na nufin makonni ba kuɗin cefane. An je neman gira an rasa ido.

Damina ma da nata. Wasu kan sauke bakin bututun ƙasa kusa da bamba don neman sanyi. Ranar da motar ta faɗa kududdufi, sai injin ya zuƙi ruwa. Ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka sandar fistin ce ke lanƙwashewa nan take.

To, a daina ke nan?

Akwai masu cewa injiniyoyin kamfani sun fi kowa sani, yara su bar abin yadda yake. Suna da gaskiya a kan sabuwar mota, musamman mai na'urar auna iska a bututunta, domin sauya faɗin bututun kan rikita lissafin fetur. Amma motocin da ke jigila a ƙasar Katsina, daga tsofaffin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 zuwa Golf 'yan Kwatano, da yawansu akwatin iskarsu ya tsage, an ɗaure shi da tsohon tufu ko waya. Ta irin wannan tsaga ƙura ke shiga ba tare da ta bi matata ba. A nan ne faiba ke da amfani na haƙiƙa.

Faiba zaren gilas ne da ake jiƙawa da wani ruwan ƙaro mai suna rezin, ya daskare ya yi ƙarfi, ga shi ba nauyi, ba ya tsatsa. A Amurka aka fara samar da shi da yawa a shekarun 1930, kuma a 1953 aka yi jikin motar Chevrolet Corvette da shi. Aikinsa bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Ana fara sassaƙa siffar da ake so, ko da yumɓun maginan tukwane ne, a naɗe ta da salatif, a shafa kakin zuma don kada ta manne. Sai a shimfiɗa zaren hawa uku, ana shafa rezin da aka ɗiga wa sinadarin daskarwa kashi 1 zuwa 2 cikin 100. In ya bushe a cire yumɓun, a gyara cikin sumul, domin duk zaren da ya tsinke injin zai faɗa.

Sharuɗɗa huɗu ne ya kamata a kiyaye. A riƙe matatar takarda ta asali. A toshe kowace kafa da roba. A sa bakin bututun sama, nesa da taya da salansa. Sannan mai aikin ya tsare kansa, domin rezin yana fitar da tururin sitairin, wanda hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2018 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar. Ɗigo ɗaya na sinadarin daskarwa kan iya makantar da ido, garin faiba kuma yana sa ƙaiƙayi da tari. A yi aiki a fili, da safar hannu, da tabarau, da takunkumi. Wauta ce mutum ya kare huhun mota ya bar nasa.

Aikin malamai

A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziya a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da injin Honda Civic, har ya ɗaga 'yan ƙafafu daga ƙasa. Wannan ya nuna cewa basira ba ta yi ƙaranci a ƙasar Hausa ba. Abin da ya kamata makaranta ta ƙara wa basira shi ne al'adar awo. Ƙungiyar JETS ta kowace sakandare tana iya haɗa kai da bakaniken gari ta yi gwaji uku masu araha. A sa ma'aunin zafi a bakin bututu, a kwatanta tsohon da sabon. A cika tanki, a je Katsina a dawo, a sake cikawa, a rubuta litar da aka sha. A shafa ɗan giris a cikin bututu bayan matata, a duba bayan mako biyu, in ya yi ja, to, ƙura na wucewa.

Ɗalibin da ya yi waɗannan ya koyi abin da ya fi ƙera bututu daraja, wato kada ya gaskata kunnensa sai alƙaluma sun ba da shaida. Gwanin gobe a Ƙofa ba shi ne wanda motarsa ta fi kowace ƙara a tasha ba. Shi ne wanda aka buɗe bututunsa bayan hunturu ya wuce, aka goga farin ƙyalle, ya fito fari.