Batirin kalsiyam: Hasken eksire ne zai raba gaskiya da cika baki

Duk wanda ya haɗa sola a gida ya san cewa batiri ne ke cinye kuɗin. Yawancin masu inganci na litiyam ne, ma'adinin da farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2022. Shi ya sa masana ke neman madadinsa, kuma kalsiyam na cikin waɗanda ake sa wa rai.

Dalilin a fili yake. Kalsiyam ne na biyar a yawa cikin sinadaran ɓawon ƙasa, kuma shi ne ke cikin dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka da Sakkwato. Kowace ƙwayarsa tana ɗaukar caji biyu, ta litiyam kuwa ɗaya.

Sai dai wannan caji biyun shi ne kuma matsalar. Yana sa ƙwayar ta manne, ta kasa shiga da fita cikin sauƙi. Haka kuma wata 'yar fata kan rufe fuskar ƙarfen kalsiyam ta toshe hanya. Sai a 2016 masana a Basalona ta Sifen suka wallafa cewa sun iya cajinsa da sauke cajin, amma da zafin digiri 75 zuwa 100. A 2018 wata tawaga a jami'ar Oxford ta yi hakan a zafin ɗaki.

A nan ne binciken hasken eksire yake da muhimmanci. Batirin gwaji na iya nuna kamar yana riƙe wuta, alhali ruwan cikinsa ne ke lalacewa, ko haidirojin ne ke shiga a madadin kalsiyam. Ma'aunin wuta ba ya bambance wannan. Amma kowane sinadari yana shan hasken eksire a matakin ƙarfi nasa na kansa. Idan aka haska batirin yana cikin aiki, za a ga ko ƙarfen da ke ciki ya karɓi lantarki da gaske, da kuma abin da fatar nan ta ƙunsa.

Saboda haka bai kamata a ruɗu da duk labarin da ya ce an samo magajin litiyam ba, matuƙar babu irin wannan shaida. Har yau batirin kalsiyam mai caji bai shiga kasuwa ba.

Mafi ƙarfin wannan haske daga manyan na'urori da ake kira sinkirotiron yake fitowa, irin na Argonne a Amurka da na Grenoble a Faransa. Jodan ta buɗe nata a 2017 da haɗin gwiwar ƙasashen yankin. Afirka ba ta da ko ɗaya.

Dutse kaɗai ba ya zama arziki. Idan gwamnatocin nahiyar ba su tura ɗalibansu koyon wannan awo ba, ranar da batirin ya nuna, da tsada za su sayo shi.