Gwajin kiton: Ɗigon jinin da bai kamata asibitocinmu su yi sakaci da shi ba

Yaro ya fara yawan shan ruwa da yawan fitsari, yana ta ramewa. Bayan 'yan kwanaki sai amai da ciwon ciki, numfashinsa ya yi zurfi yana fita da sauri. A garuruwanmu da dama, abin da za a fara zato shi ne maleriya ko taifod. Alhali wani lokacin ciwon sukari ne ya kai matakin da ke kisa.

Idan jiki ya rasa insulin, sai ya koma ƙona kitse domin samun kuzari. Hanta ce ke sarrafa kitsen ta fitar da sinadaran kiton, kuma wanda ya fi yawa a irin wannan hali shi ne beta-haidiroksibutiret. Idan ya taru, jini yakan yi tsami, mara lafiya ya suma, har rai ya salwanta.

Masu binciken lafiya sun mayar da wannan sinadari ma'auni. A jikin lafiyayye yawanci bai kai milimol 0.6 a kowace litar jini ba. Idan ya kai 3, akwai haɗari. A 2024, ƙungiyoyin likitocin ciwon sukari na Amurka da Turai suka sanya wannan adadi cikin sharuɗɗan tabbatar da cutar.

Tsinken gwajin fitsari da aka saba da shi wani kiton daban yake ganowa, don haka yana iya rage girman matsalar. Awon sukari kaɗai ma bai wadatar ba: a 2015 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wasu sababbin ƙwayoyin ciwon sukari na iya jawo wannan hali ko sukari bai hau sosai ba. Gwajin jini kuwa ɗigo ɗaya ne daga yatsa, sakamako ya fito nan take.

Muna kira ga gwamnatocin jihohi su samar da na'urar da tsinkenta a sashen gaggawa da cibiyoyin lafiya matakin farko, su kuma horar da ma'aikata. Iyaye ma, in kun ga waɗannan alamu, ku nemi a auna sukari da kiton. Tun 1922 ake ceton rai da insulin. Bai dace a yau yaro ya rasu saboda an makara wajen gano abin da ke damunsa ba.