Sharhi: Yadda takun-saƙar Maroko da Aljeriya ta shiga ziyarar Tijjanawa

An haifi Shehu Ahmadu Tijjani a shekarar 1737 a Ainu Madi, wani ƙaramin gari a bakin Sahara cikin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Ya rasu a birnin Fas na Maroko a 1815, kuma a cikin zawiyarsa ta can aka binne shi. A zamaninsa ayari kan ratsa tsakanin garuruwan biyu. Yau kuwa mahaifar da makwancin suna hannun ƙasashe biyu da ba sa ga-maciji: iyakarsu ta ƙasa a rufe take tun 1994, Aljeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Maroko a watan Agustan 2021, bayan wata guda kuma ta hana jiragen Maroko keta sararin samaniyarta. Almajirin da ya tashi daga Kano ko Ilori da niyyar haɗa ziyarar biyu a tafiya ɗaya sai ya zagaya ta wata ƙasa ta uku.

Kowace daga cikin ƙasashen tana da abin da take tinƙaho da shi. Aljeriya tana da Ainu Madi, inda kujerar halifancin ɗariƙar take a hannun zuriyar Shehu. Tana da Abu Samgun, ƙauyen da Tijjanawa suka yi imani a nan aka yi masa buɗi a shekarar 1196 ta Hijira, da kuma Tamasin, zawiyar babban almajirinsa Sidi Aliyu Tamasini. Maroko wuri ɗaya ta riƙe, amma mai nauyi. Shehu ya koma Fas a ƙarshen ƙarni na 18, Sarki Maulaya Sulaiman ya karɓe shi hannu biyu-biyu, a nan ya ƙarasa rayuwarsa. A al'adar sufaye kuwa, inda waliyyi yake kwance nan zuciyar mai ziyara ta fi karkata.

Gwamnatoci sun daɗe da gane amfanin wannan. A 1984 Maroko ta fice daga Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka saboda an bai wa Jamhuriyar Sahrawi kujera, wadda ƙungiyar Polisario mai samun goyon bayan Aljeriya ta ayyana a Yammacin Sahara. A shekarar da ta biyo baya Sarki Hassan na Biyu ya tara shehunan Tijjaniyya a Fas. Ƙofar da siyasa ta rufe masa sai ya neme ta wajen malamai. Aljeriya ta shirya nata babban taron a Ainu Madi a 2006, zamanin Shugaba Abdul'aziz Bouteflika, Maroko ta mayar da martani da wani taron a Fas a 2007. A 2015 Sarki Muhammad na Shida ya buɗe cibiyar horar da limamai a Rabat, wadda ɗaliban Najeriya ke cikin waɗanda take karɓa, ya kuma kafa gidauniyar malaman Afirka mai mazauni a Fas. A farkon 2017 Maroko ta koma Tarayyar Afirka. Ba zawiyoyi kaɗai suka mayar da ita ba, domin bankuna da takin zamani sun taka rawarsu, amma wanda ya cire malamai daga lissafin ya yi ragi.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan mabiya ɗariƙar, shi ya sa kowane ɓangare ke zawarcinta. Ta amince da Jamhuriyar Sahrawi tun 1984, matsayin da ke yi wa Aljeriya daɗi. Amma a watan Disamban 2016 Sarkin Maroko ya zo Abuja, aka sanar da shirin shimfiɗa bututun iskar gas da zai bi gaɓar Tekun Atlantika zuwa ƙasarsa. Akwai kuma tsohon shirin bututun da zai ratsa Nijar zuwa Aljeriya, mai tsawon fiye da kilomita 4,000. Duka biyun kasuwar Turai suke hari, da iskar gas ɗin Najeriya. Idan aka ga wani jami'in ɗaya daga cikin ƙasashen yana karrama tawagar shehunanmu, yana da kyau a tuna cewa waɗannan takardu ma suna kan teburinsa.

Sai dai akwai wuri na uku da ba ya hannun ko ɗaya daga cikinsu. Ɗariƙar ta fi shigo mana ta hannun mutanen Senegal. Alhaji Umaru Futi ya zauna a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bayan kusan ƙarni guda, haɗuwar Shehu Ibrahim Inyass da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937 ta buɗe wa Faila hanyar Kano, daga nan ta bazu. Saboda haka ga ɗimbin Tijjanawan ƙasar nan, Madina Baye da ke Kaulaha, inda aka binne Shehu Ibrahim bayan rasuwarsa a Landan a 1975, ita ce zangon farko. Na kusa kuma shi ne Kiyota a jihar Dosso ta Nijar, garin Shehu Abubakar Hashim, wanda ke cika maƙil a lokacin Mauludi.

Kaulaha ba ta tsaya daidai tsakiya ba. Shehu Ibrahim ya ziyarci Fas, ya karɓi izini daga malaman Maroko irin su Shehu Ahmad Sukairij, kuma Senegal tsohuwar ƙawar Maroko ce, har ta buɗe ƙaramin ofishin jakadanci a Dakhla da ke Yammacin Sahara a 2021. A ganina, a wannan gasa Maroko ce ke gaba. Fara jigilar kamfanin Air Algérie zuwa Abuja a 2025 zai iya rage tazarar, tunda jiragen Maroko sun daɗe suna sauka a Najeriya, amma jirgi ba ya sauya silsilar da almajiri ya karɓi wuridi ta cikinta.

Abin da ya fi shafar talakan mai ziyara shi ne hanya. Mafi yawan masu zuwa Kaulaha ba su da kuɗin jirgi, mota suke bi ta Nijar da Burkina Faso da Mali, ƙasashen da suka fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, kuma masu ɗauke da makamai ke tare manyan hanyoyinsu. Rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya tsare masu zuwa Kiyota har watan Maris na 2024. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, aikinta ya tsaya a kan Hajji da Umara, ziyarar Fas ko Kaulaha kuwa tana hannun zawiyoyi da kamfanonin shirya tafiye-tafiye. Ya kamata Ma'aikatar Harkokin Waje ta zauna da shugabannin ɗariƙar kafin kowane Mauludi, a san adadin ayarin da zai tashi da hanyar da zai bi, a kuma sanar da ofisoshin jakadancinmu da ke Yamai da Bamako da Dakar tun motoci ba su bar tasha ba.