Kai Yara Ganin Birni Lokacin Hutu

Darna Sabon Gari tana cikin ƙasar Illela, a arewacin Jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Mutanenta manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Yaran garin sun san kasuwar Illela wadda ke ci ran Lahadi, sun saba ganin raƙuma da shanu da manyan motoci masu ɗaukar albasa. Waɗansunsu ma sun taɓa ƙetare iyaka zuwa Birnin Ƙonni. Amma Sakkwato, babban birnin jiharsu, wanda nisansa daga Illela bai fi kilomita 80 da 'yan kai ba, a kan sami yaro ɗan shekara goma sha biyu bai taɓa sa ƙafa cikinsa ba. Wannan hasara ce. Ya kamata ko wane magidanci da Allah ya hore wa abin tafiya ya ɗauki iyalinsa, maza da mata, ya kai su ganin birni lokacin hutun makaranta, ko da sau ɗaya ne kafin su girma.

Babban dalili shi ne, ko ba jima ko ba daɗe yaron ƙauye zai ga birni. Ko dai karatu ya kai shi, ko ci-rani, ko jinyar wani nasa a asibiti. Wanda ya fara zuwa shi kaɗai, yana saurayi, ba mai jan hannunsa, shi ne 'yan damfara ke gane wa tun daga tasha. Bai san yadda a ke ƙetare titi ba, bai san wanda ya kamata ya tambaya hanya ba, duk wanda ya yi masa murmushi sai ya ɗauka masoyi ne. Wanda kuwa ya fara zuwa riƙe da hannun ubansa, ya ga yadda uban ke yin ciniki, da yadda ya ke ɓoye kuɗinsa, da yadda ya ke gai da manya a gidan baƙunta, ya sami karatun da babu shi a allo ko a littafi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hutun watan Disamba. Dogon hutu ya kan faɗo cikin damina, sa'ad da gona ke bukatar ko wane hannu. A Disamba kuwa an gama girbi, gero ya shiga rumbu, an sayar da wake, zafin rana ya ragu sabo da hunturu. Maigida na iya barin gida kwana uku ba abin da zai lalace.

Karatun ya kan fara tun daga hanya, in uba ya san abin da zai faɗa. Mota ta tashi daga Illela sai ta bi ta Gwadabawa, garin da Muhammadu Maiturare ya kafa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915. A ƙasar nan ta Gwadabawa Degel ya ke, inda Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa, har ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Daga nan sai Kware, sa'an nan a hau gada a ƙetare gulbin Rima, a ga fadamu kore shar da albasa da shinkafa da kayan lambu. Yaron da ya sha jin sunayen nan a bakin malamin tarihi, yau ga su a gabansa. Sai ya gane ashe ba a wata duniya mai nisa aka yi abubuwan nan ba, a ƙasar kakanninsa ne.

Cikin birni wurin da ya kamata a fara zuwa shi ne Hubbare. Muhammadu Bello ne ya gina Sakkwato a 1809, Shehu ya ƙaura daga Sifawa ya zo ya zauna cikinta a 1815, ya rasu a 1817, aka binne shi a gidansa. Gidan nan shi ne Hubbare, kuma har yau mutane na zuwa ziyara daga ƙasashe masu nisa. Daga nan sai a je Masallacin Shehu da Masallacin Bello, a tsaya ƙofar fadar Sarkin Musulmi a ga dogarai da jajayen rigunansu. In da sauran lokaci a nufi gidan tarihi mai sunan Waziri Junaidu, mashahurin malamin nan da ya rasu a 1997. Can a ke ajiye tsofaffin littattafai rubutun hannu da wasiƙun sarakuna da kayan yaƙi na dā. Uba ya gaya wa yara cewa a filin Giginya ne rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta kara da sojan Turawan Ingila ran 15 ga Maris 1903. Yaron da ya ga waɗannan da idonsa ba ya mantawa da su ran jarrabawa, gama gani ya kori ji.

Kashegari sai a duba sana'o'i. A kai yara wurin majema su ga yadda a ke jeme fata da bagaruwa, da wurin dukawa su ga yadda a ke ɗinka jaka da takalmi da matashin kai. Fatar jar akuya ta Sakkwato ta yi suna tun zamanin da ayarin raƙuma ke ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta wuce Turai, inda a ke kiranta fatar Maroko a kan rufe littattafai masu tsada da ita. Irin akuyar nan ce ke ɗaure a turken uwar yaro a gida. A nuna musu kuma masana'antar siminti ta Kalambaina, ko daga nesa ne, wadda ta fara aiki a 1967, su san inda simintin ginin ajinsu ke fitowa. Sa'an nan a bi da su ta Jami'ar Usmanu Ɗan Fodiyo, wadda aka kafa a 1975. Yaro ya ga samari da 'yan mata rungume da littattafai, a gaya masa cewa da yawa cikinsu daga ƙauyuka irin nasa su ka fito, daga aji ɗaya su ka fara. Ba a san abin da wannan gani zai shuka a zuciyarsa ba.

Akwai masu cewa tafiya irin wannan ɓarnar kuɗi ce. Gaskiya ne kuɗin mota ya yi tsada, kuma wanda rumbunsa ba zai kai shi damina ba, ba a ce ya ci bashi don yawon buɗe ido ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma magidanta nawa ne ke sayar da rago don biki ko suna, a cinye a yini ɗaya? Tafiyar kuwa ba ta bukatar masauki na kuɗi. Da wuya a sami gida a ƙasar Illela da ba shi da ɗan'uwa ko tsohon maƙwabci a Sakkwato. A riƙa masa tsarabar gero da albasa da man shanu da 'yan zabi, a sauka wurinsa. An ga birni, an kuma sa da zumunci, yara sun san 'ya'yan kawunsu da na gwaggonsu. In iyali na da yawa, a kai biyu bana, a kai biyu baɗi.

Waɗansu kuma tsoron hanya ke hana su. Wannan ba abin rainawa ba ne, gama 'yan bindiga sun addabi wurare da dama a gabashi da arewacin jihar cikin shekarun nan. Mai hankali ya kan tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ya ɗaura niyya, ya tashi da hantsi, ya bi babban titi, kada ya yarda dare ya same shi. In aka ce hanya ba lafiya, ya haƙura sai wani hutu. Jinkiri ba fasawa ba ne.

Magana mai nauyi ita ce ta dattawan da ke cewa yaron da ya ga birni ya kan raina ƙauye. Ya ga fitilu da benaye da motoci, ya komo gida fartanya ta yi masa nauyi. Lalle haka na faruwa, amma ga wanda aka nuna wa kantuna kaɗai. Maganin abin shi ne a nuna wa yaro birni duka, da daɗinsa da wuyarsa. Ya ga masu sayen ruwa a jarka, da masu biyan kuɗin haya ko wane wata, da samarin ci-rani masu kwana a bakin shago cikin sanyin hunturu. Sa'an nan a kai shi kasuwar Kara, inda a ke sauke dabbobi da hatsi daga ƙauyuka. Nan ne yaro zai ja rigar ubansa ya ce, "Baba, ashe geronmu su ke ci?" Uban ya ce, "Shi ne, ɗana. Ran da manomi ya ajiye fartanya, mai bene ma da yunwa zai kwana." Yaron da ya ji haka ba ya komawa gida yana jin kunyar gonar ubansa.

Saura maganar 'ya'ya mata. Sau da yawa in tafiya ta tashi, maza a ke ɗauka, a bar mata da wanke-wanke da raino. Wannan ba adalci ba ne, ba kuwa al'adar magabata ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru. Mata su kan taso daga ƙauyuka a ƙasa, tsofaffi da 'yan mata ƙanana, ƙarƙashin shugabarsu da a ke kira jaji, wadda Nana ke naɗa wa malfa. Su zo wurinta da 'yar tsarabarsu, su koyi karatun addini cikin waƙoƙi, su koma su koya wa matan garinsu. In matan wancan zamani sun yi tafiyar kwanaki a ƙasa don neman ilmi, ba hujjar da za ta hana yarinyar yau tafiyar sa'a biyu a mota tare da iyayenta. Kabarin Nana yana nan Hubbare kusa da na mahaifinta. Yarinyar da ta tsaya wurin, aka ba ta wannan labari, ta san karatu gadonta ne. Ita ce kuma wata rana za ta kai ɗanta asibitin birni, ya kamata ta san hanya tun yanzu.

Yara su ma da nasu aiki. Kafin a tashi su tambayi malaminsu abin da ya kamata su duba. Ko wane ɗaya ya riƙe ɗan littafi da fensir, ya rubuta sunayen garuruwan da aka wuce da abubuwan da ya gani. Kada su saki hannun manya cikin kasuwa, kada su dami uba da roƙon a saya musu kaza da kaza, su kuma taya masu masaukinsu aikin gida. In an koma makaranta su ba 'yan ajinsu labari, don waɗanda ba su sami zuwa ba su ma su amfana.

Alewa da sabuwar riga da a ke sayo wa yaro daga birni su kan ƙare kafin wani hutu ya zagayo. Abin da ya gani da idonsa kuwa yana nan tare da shi har tsufa. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, uba kuwa shi ya fi cancanta ya fara miƙa wa ɗansa wannan mabuɗi.

Tambayoyi

1. Don me hutun Disamba ya fi dacewa da tafiya birni?
2. Waɗanne garuruwa a ke wucewa tsakanin Illela da Sakkwato?
3. Wa ya gina Sakkwato, a wace shekara?
4. Su wane ne 'Yan Taru, mene ne aikin jaji?
5. Me yaro ke koyo in aka kai shi kasuwar Kara?