Baki Ba Na Maza Kaɗai Ba Ne

'Yan'uwana mata, Allah bai yi mu da hali ɗaya ba. Akwai mai faran-faran da son shiga jama'a, akwai kuma shiru-shiru wadda ta fi son zama ita kaɗai. Wani likita mutumin Suwizalan, Carl Jung, ya bayyana halayen nan biyu cikin littafinsa na 1921. Shi ne kuma ya ce kowace mace tana da ɗan halin maza a ranta, kowane namiji ma yana da na mata.

To, ga inda gizo ke saƙar. Yarinya mai baki, mai ɗaga hannu a aji, sai a dinga ce mata "namiji" har ta yarda, ta kama bakinta don kada ta rasa mijin aure. Shiru-shiru kuwa, ko da zuciyarta ta fi ta maza goma, ba ta sani ba, domin kunyarta kaɗai ake yabo.

Iyaye mata, mu yi hattara da bakinmu. Hajiya Gambo Sawaba ta tsaya gaban maza ta yi magana a zamanin NEPU, bai hana ta zama mace ba. 'Yan makaranta, mai magana ta yi da ladabi, mai shiru kuma kada ta raina kanta. Allah ya sa mu gane, amin.